Ashe matuƙin jirgi ma ana karɓe masa gorar ruwa? Rubutaccen shirinmu na wannan makon

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda suke inda sabis ke wahala.

Tambayar yau daga Gafasa ta fito, can ƙaramar hukumar Ajingi. Wani ɗan uwa ne ya turo saƙon murya, ya ce musu ya kaure a majalisarsu a kan bidiyon nan na mawaƙin Yarbawa Wasiu Ayinde, wanda ake kira KWAM 1, da ya tsaya a gaban jirgi a Abuja saboda an hana shi shiga da filas. Wasu a majalisar suka ce talaka da fasinja kawai ake wa wannan doka, shi matuƙi ko jarka ya ɗauko babu mai ce masa kanzil. Wasu suka ce a'a, shi ma ana caje shi. Shi ne ya ce in raba gardama.

To malam, kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiyar. Bari mu bi ta a hankali.

Da farko ga wanda bai ga bidiyon ba. Ranar 5 ga Agusta 2025 abin ya faru, a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, jirgin kamfanin ValueJet ne mai zuwa Legas. Hukumar FAAN, wadda ke kula da filayen jirage, ta ce abin da ke cikin filas ɗin barasa ce, shi kuma ya ce ruwa ne. Ya je ya tare gaban jirgi, matuƙiyar ta ja jirginta, saura ƙiris fiffike ya kwashe shi. Hukumar NCAA ta dakatar da lasisin matuƙan biyu, shi ma aka hana shi hawa jirgi na wani lokaci. Kun ga a nan ma matuƙan ba su tsira ba, duk da cewa nasu laifin daban ne.

Ita dokar ga yadda take. Duk wani abu mai ruwa-ruwa da za ka riƙe a jakar hannu, mazubinsa kada ya wuce mililita 100. In kana son ka ƙiyasta, ledar fiya wata mililita 500 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar nata ke nan. Sannan duk ƙananan kwalaben su shiga cikin farar leda guda wadda ake ganin abin da ke ciki, mai cin lita ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne girman mazubin ake dubawa. In ka zo da babbar kwalbar turare da ɗan kaɗan a gindinta, za a karɓe, ko rantsuwa kake yi cewa saura fesawa uku. Kuma "ruwa" a wurinsu ya haɗa da man shafawa, man goge baki, zuma, man shanu, humra, miski mai danƙo, fura da nono, duk abin da zai zuba ko a shafa. Kilishi da dambun nama ba sa cikin wannan lissafin, su tasu matsalar sai an sauka, wurin jami'an ƙasar da ka je. Akwai rangwame ga magani da abincin jarirai, sai dai ka nuna tun kafin a tambaye ka. Abin da ya fi mililita 100 kuma wurinsa babbar jaka, wadda ake aunawa a sa a cikin jirgi ta ƙasa.

Daga ina dokar ta samo asali? Daga Landan. Ranar 10 ga Agusta 2006 aka wayi gari 'yan sandan Ingila sun kama mutum sama da ashirin, bisa zargin shirin tarwatsa jirage aƙalla bakwai da za su tashi daga filin Heathrow zuwa Amurka da Kanada. Dabarar da suka shirya ita ce su zuƙe lemon da ke cikin robar lemo ta ƙasa, su ɗura sinadarin fashewa, murfin yana nan a liƙe kamar yanzu aka sayo a kanti. Na'urar haska kaya ta wancan lokacin tana ganin wuƙa da bindiga sarai, amma ba ta iya bambance lemo da sinadari. A ranar aka haramta shiga da kowane irin ruwa. Bayan 'yan makonni aka sassauta zuwa ɗan ƙaramin mazubi, Turai ta fara aiki da mililita 100 a Nuwamba 2006, ita kuma ICAO, hukumar jiragen farar hula ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shawarci ƙasashe su bi tsarin daga Maris 2007. Jagoran waɗancan mutanen, Abdulla Ahmed Ali, an yanke masa ɗaurin rai da rai a 2009.

Ba su ne farko ba ma. A Disamba 1994 Ramzi Yousef ya shiga jirgin Philippine Airlines da sinadari a 'yar kwalbar ruwan wanke tabarau na cikin ido, ya ɗana a ƙarƙashin kujera ya sauka, abin ya tashi ya kashe wani ɗan Japan. Mu kuma nan gida sunan da ya ja mana shi ne Umar Faruk Abdulmutallab, ranar Kirsimeti ta 2009, a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. Ta Legas ya bi, da hoda a ɗinke a kamfai da ruwan sinadari a sirinji. Bayan nan Amurka ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da ake wa matafiyansu bincike na musamman. Duk wanda ya yi tafiya da koren fasfo a shekarun nan ya ɗanɗana.

Yauwa, mu dawo kan matuƙi, inda musun yake.

Hujjar masu cewa bai kamata a caje shi ba tana da ƙarfi, kuma su kansu matuƙan sun daɗe suna kawo ta. Ka ɗauki jirgin Boeing 747, irin jambon nan da Max Air ke jigilar alhazai da shi daga Kano. Tankinsa na cin mai sama da lita dubu 200, wato fiye da tankokin mai shida masu cin lita dubu 33. Mutumin da za a miƙa wa wannan jirgi, da rayukan mutum ɗari huɗu ko fiye a bayansa, kuma da gatarin gaggawa a rataye a ɗakin tuƙinsa, shi ne wani jami'i zai tsare a ƙofa ya ce man goge bakinsa ya yi girma. In ka kalle shi ta nan, abin dariya ne. Matuƙin da ya yi niyyar ɓarna ba ya buƙatar kwalba. A Maris 2015 mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi ya kai jirgi ya buga da dutse a Faransa, mutum 150 suka mutu, bai shigo da komai a aljihu ba.

Ga kuma larurar aiki. Iskar cikin jirgi a bushe take ƙamas, dole ma'aikaci ya yi ta shan ruwa. Mai hidimar fasinja da za ta kwana uku ko huɗu tana yawo gari-gari da 'yar jaka guda, sabulunta da man gashinta da abincinta duk a ciki suke. Fasinja sau biyu a shekara yake wannan wahala, su kullum ne.

To me ya sa duk da haka ake bincikensu? Amsar tana cikin tambaya guda: wa ya gaya maka wanda ke cikin yunifom ɗin matuƙi ne? Farar riga mai igiyoyi a kafaɗa tela zai ɗinka maka, ko a Kantin Kwari ka sayi yadin. Katin shaida ana bugawa a kwamfuta. Jami'in da ke ƙofa bai san fuskar kowane matuƙi a duniya ba. Duk ƙofar da aka ce mai yunifom ya wuce babu caji, ƙofar ta zama ta duk wanda ya iya samo yunifom.

An koyi wannan darasi da jini tun kafin maganar ruwa. Ranar 7 ga Disamba 1987, wani ma'aikacin kamfanin jirgi a Amurka mai suna David Burke, wanda aka kora daga aiki amma ba a karɓe katinsa ba, ya nuna katin ya wuce wurin bincike a Los Angeles da bindiga a jikinsa. Ya hau jirgin PSA mai zuwa San Francisco, ya harbe tsohon manajansa da matuƙan, jirgin ya faɗi, mutum 43 duk suka mutu. Daga nan aka ce a riƙa karɓe katin duk wanda aka sallama nan take, kuma ma'aikata su ma su bi ta na'ura.

Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci a ganina. Bayan an wuce wurin bincike, kowa a zaure ɗaya yake, da matuƙi, da mai shara, da mai shago, da fasinjojin jirage goma daban-daban. Abin da ma'aikaci ya shigo da shi ba lallai jirginsa zai hau ba. Yana iya miƙa wa wani a banɗaki, shi ya tafi Legas lafiya, wancan ya hau jirgin Jidda ko na Alƙahira. Wanda ba zai taɓa yarda ya kashe kansa ba, ana iya saya shi da kuɗi, ko a yi masa barazana da iyalinsa, ko ma a yaudare shi a ce turare ne kai wa ƙanina. Haka ta faru a Mogadishu ranar 2 ga Fabrairu 2016. Kyamarar filin jirgi ta nuna ana miƙa wa wani fasinja kwamfutar hannu bayan ya riga ya wuce bincike. Ya hau jirgin Daallo, bam ɗin ya tashi ya huda gefen jirgin, iska ta zuƙe shi waje, shi kaɗai ya mutu, matuƙin ya samu ya juyo ya sauka. Shi ya sa ƙa'idar ICAO ta tsaro ta ce waɗanda ba fasinja ba, da kayan da suke ɗauke da su, su ma a bincike su kafin su shiga wurin da aka killace.

Inda ƙasashe suka rabu shi ne yadda kowacce ta warware matsalar. Amurka ta ce, tunda damuwar ita ce tabbatar da wane ne mutumin, to mu tabbatar. A 2011 suka fito da tsarin da suka kira Known Crewmember, wato sanannen ma'aikaci. Matuƙi ko mai hidima zai je wata ƙofa ta daban, ya nuna katin kamfani da na gwamnati, a duba a kwamfuta a ga hotonsa da cewa har yanzu yana bakin aiki, sai ya wuce. In yana cikin yunifom dokar mililita 100 ba ta hau kansa, ya shiga da gorar ruwansa da kofinsa. Sai dai lokaci-lokaci kwamfutar na zaɓar mutum ba zato, a ce yau kai sai an caje ka.

Wannan ba-zaton ne ya tona asiri. A Maris 2016, a Los Angeles, aka zaɓi wata ma'aikaciyar kamfanin JetBlue. Baiwar Allah ta yar da jakunkunanta, ta tuɓe takalmanta masu tsada, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da aka buɗe jakunkunan, hodar iblis ce kusan kilo 30. A Mayu 2024 kuma aka gurfanar da ma'aikatan jirgi huɗu a New York bisa zargin fitar da kuɗin 'yan ƙwaya kimanin dala miliyan 8 zuwa Jamhuriyar Dominika, ta wannan ƙofar dai. Ƙofar amana ce, su kuma suka mai da ita hanyar fasa-ƙwauri.

Ingila ta bi ɗaya hanyar. Ta ce babu ruwanmu da igiyar kafaɗarka, inda ake aiki da mililita 100 kai ma ita za ka bi. Matuƙan can sun yi ƙorafi shekara da shekaru, musamman masu zuwa daga Amurka da suka saba wucewa da komai. Amma ku ji abin da wannan tsauri ya kamo. Ranar 16 ga Yuni 2023, a filin jirgin Edinburgh, na'ura ta ƙi jakar wani kyaftin na kamfanin Delta, wanda zai tuƙa jirgi zuwa New York. Aka buɗe, sai ga kwalaben giya biyu, ɗaya an sha rabi. Aka gwada jininsa, aka samu miligiram 49 na barasa inda doka ta tsaya a 20. Kotu ta ɗaure shi wata goma. Da a ce yunifom ya isa a bar shi ya wuce, da ya hau ya ƙetare tekun Atlantika da mutane a haka. Irin wannan ta taɓa faruwa a Miami a Yuli 2002, inda gardama a kan kofin kofi ta sa masu bincike suka ji warin giya a bakin matuƙan America West biyu. Jirgin har an fara janye shi daga ƙofa aka dawo da shi, su biyun suka ƙare a gidan yari. Dokar ba don mashaya aka yi ta ba, amma ga shi ta kama su.

Mu a nan fa? A filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, jami'an tsaron FAAN da ake kira AVSEC su ne a ƙofa, NCAA kuma ita ke kafa ƙa'ida bisa tsarin ICAO. Ma'aikatan jirgi suna bi ta wurin bincike da jakunkunansu, masu aiki a filin kuma suna da katin shiga na musamman. Wanda ya saba tafiya zai gaya maka jiragen waje an fi tsanantawa, na cikin gida kuma ya danganta da ranar da jami'in. Kuma matuƙinmu da ya tashi daga Kano, in zai dawo, dokar ƙasar da ya kwana ita zai bi. A Landan a caje shi tsaf, a New York wata ƙa'idar ce. Saboda haka 'yan majalisar Gafasa, wanda ya ce ana caje matuƙi ya ci musu, wanda ya ce ana bar shi da gorarsa shi ma bai yi ƙarya ba, Amurka yake nufi ko da bai sani ba.

In ni aka tambaya wanne ya dace da mu, ina bayan na Ingila, ba wani kwana-kwana. Tsarin Amurka yana tsaye ne a kan rumbun bayanai da ake sabuntawa kullum, da jami'in da ba zai ji nauyin kowa ba. Mu kuwa cutarmu ita ce "ka san ko ni waye?" Duk ƙofar alfarma da aka buɗe wa matuƙi yau, gobe ɗan sarki da mai ba gwamna shawara da mawaƙi sun bi ta ciki, jibi kuma yaran da ke riƙe musu jaka. Bidiyon Abuja ai abin da ya nuna ke nan.

Kuma Kano ta riga ta ga abin da ɓara-gurbin ma'aikata ke iya yi. A Disamba 2018 wata ɗaliba ta tashi daga Kano zuwa umara tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta. Aka kama ta a Madina, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tramadol da aka liƙa wa sunanta, jakar da ba ta taɓa gani ba. Binciken hukumar NDLEA ya gano wasu masu aiki a filin jirgin Kano ne ke liƙa sunayen matafiya a jakunkunan ƙwaya. Wata huɗu ta yi a tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta. Ita an caje ta, ta wuce lafiya. Masu katin aiki ne suka kusa kai ta ga takobi. In ka tuna wannan, ganin ana buɗe jakar kyaftin a gabanka abin kwantar da hankali ne.

Wannan ya shafe ku kai tsaye, samarin Gafasa da Ajingi da Gaya masu shirin umara, ko tafiya aiki Saudiyya, ko karatu a waje, da masu raka iyaye sansanin alhazai. Dabarar miƙa saƙo bayan an wuce bincike ba ma'aikata kaɗai ake yi wa ba. Wani zai zo da sallama da ladabi, ya ce Hajiya don Allah ga ɗan turare ko zuma a kai wa ɗana a Makka, zai same ki a masauki. Kunya za ta hana tsohuwa ta ce a'a. Ku ne za ku gaya mata tun a gida cewa duk abin da ke hannunta, a idon doka nata ne. Ku ƙirga jakunkunanta, ku duba takardar awon kaya ku ga adadin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ta kawo, ku ɗauki hoton jakunkunan da na takardar a waya.

Wani zai ce ai an ce an soke dokar a Turai. An fara dai. Akwai sabbin na'urori masu haska jaka ta kowane ɓangare, irin na hoton asibiti, waɗanda ke iya gane sinadari. Filin London City ya ɗage dokar a 2023, gwamnati ta dawo da ita a Yuni 2024 saboda ba ta gamsu da aikin na'urorin ba, sannan a 2025 Edinburgh da Birmingham suka koma barin har lita biyu. Na'urorin suna da tsada sosai, kuma ko filin da ka tashi ya yarda, wanda za ka sauya jirgi a cikinsa yana iya karɓewa. Mai tashi daga Kano ya riƙe mililita 100 abinsa.

Sai zamzam, don na san za a tambaya. Hukumomin Saudiyya sun hana a sa shi a jakar hannu ko a cusa shi cikin manyan jakunkuna. Alhazan da suka tafi ta hukuma, NAHCON ke kawo musu nasu daban, lita biyar kowane mutum, a raba bayan an dawo gida. Wanda ya naɗe robobi a cikin zannuwa ya tura awo, na'ura za ta gani, a farke jakar a cire, wani lokacin jakar ta biyo baya da kwanaki.

Mu kwana nan. Mai tambaya ya turo ta akwatin saƙo, a rubuce ko da murya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.